Abdou Mai Wankan Gawa, Na Zalunce Ka

Ranar Talata, 9 ga Maris 1976, Allah ya karɓi ran Malam Abdou Tasawa a gidansa da ke Sotega, nan Libreville. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Shekara talatin da biyar ban amsa sallamarsa ba.

Abdou, a 1941 muna tsare a sansanin Jamusawa a ƙasar Faransa, mu sojojin baƙar fata da aka kama. Ni ne tafinta, don na yi makarantar boko a Damagaram, ina kuma taƙama da hakan. Kai ko harafi ba ka sani ba. Da tarin fuka ya fara kashe mu, kai ka roƙa a bar maka wankan gawa. Masu gadi suna tsoron cutar, ba sa kusantar amalanken da kake fitar da gawa da shi.

Wata safiya ka ce mini ƙanena Hamadou, da muke tsare tare da shi, ya rasu. Na zo in gan shi, ka tare ƙofa, ka ce an riga an naɗe. Ka hana ni wanka, ka hana ni rakiya. Daga ranar na tsane ka.

Da arzikin fetur ya kawo ka garin nan, ka buɗe tebur a kasuwa, ni ne na bi 'yan'uwa ina cewa tufafin matattu kake sayarwa a sansani. Saboda bakina aka daina kiranka wankan gawa. Ba ka taɓa kare kanka ba. Sau uku ka zo inda nake rubuta wa mutane wasiƙa, sau uku na juya maka baya.

Ban je jana'izarka ba. Ran sadakar uku wani tsoho mutumin Garwa, Aliou, ya zo daga Ntoum ya same ni.

"Malam Maitama, kai ne mai ilimin? Ni gawa ce, duba ni da kyau. Mu tara ya fitar a likkafani, da ranmu. Ni da Hamadou amalanke ɗaya muka hau."

Na ce me ya sa aka ɓoye mini.

"Kai da kake kwana a bakin ofishin Jamusawa? Mari biyu za su yi maka ka faɗa."

Gaskiya ya faɗa. Na san kaina.

Aliou ya rabu da Hamadou a hanya. Matarka Mairamou ce ta ƙarasa mini: Hamadou ya shiga cikin masu yaƙin sunƙuru, aka kashe shi a 1944, kuma bayan yaƙi ka bi sawu da ƙafarka har ka ga kabarinsa. Sunan ƙauyen da kabarin yake ka zo faɗa mini sau ukun nan, in rubuta, don harshenka kawai ya riƙe shi. Ita ba ta iya maimaita shi ba. Na tambayi kowa. Na rasa wanda ya ji.

Wa zan roƙa gafara yanzu? Ya Allah, ka wanke Abdou kamar yadda ya wanke bayinka, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Mairamou, da 'ya'yanki Hawaou da Abdulƙahar, Allah ya ba ku haƙuri. Abin da na faɗa a kan maigidanku ƙarya ne, a karanta wannan a masallaci ran Juma'a.

Abdou kaɗai ya san inda Hamadou yake kwance, kuma an binne shi ran Talata.