Ranar da Baƙo Ya Zo da Adireshina a Wayarsa

Ko zan manta da komai a harkar sana'ata, ban da ranar da wani mutum da ban taɓa gani ba ya yi sallama a ƙofar gidanmu a Maƙarfi, ya kira cikakken sunana har da na mahaifina.

Mazarƙwaila nake sayarwa. Surukina manomin rake ne, a gonarsa ake matsewa a dafa, ni kuma da wasu mata maƙwabta mu gyara ta, mu ƙulla a leda mai kyau, in tallata a waya. Da ciniki ya fara buɗewa, ƙanwata da ke karatun kwamfuta a Zariya ta zo hutu, ta ce lokaci ya yi da zan mallaki shafina na intanet.

"Yaya, suna za mu fara yi wa rajista," in ji ta. "Kamar rumfa ce a kasuwa, in kin kama, ba mai sa wannan sunan sai ke."

Mun sha gardama kan abin da take kira wutsiya, wato 'yan haruffan da ke zuwa a ƙarshen sunan. Ita ta fi son .ng, don a san kayan Najeriya ne. Ni na kafe sai .com, saboda wata hajiya ta taɓa tafiya da mazarƙwailata Saudiyya tsaraba, tun daga nan nake ganin kayana sun wuce iyakar ƙasa. Ta yi dariya ta bar ni. Muka sa sunana, lambata da adireshin gida kamar yadda aka nema, ta koma makaranta.

Ba a daɗe ba waya ta hana ni sakat. Wasu Turanci suke yi da sauri, wai za su gina mini shafi. Wasu Hausawa ne, su kira sunana kamar mun saba, har wani ya tambaye ni ko gidanmu ne na bayan masallaci. Lambar da suke kira kuwa ta gida ce, ba wadda nake ciniki da ita ba.

Maigidana malamin makaranta ne a Ikara, mutum mai haƙuri, amma abin ya ci masa rai. Wata rana muna cin abinci wayar ta yi ƙara, ya ɗauka, ya ji namiji yana nemana. Ya ajiye cokali.

"Wa kike ba lambar nan?"

Na rantse ban ba kowa ba. Bai ce ƙarya nake ba, bai kuma ce ya yarda ba. Ya dai ce in aka sake, sana'ar ta tsaya. Na yi kuka ranar, ba don cinikin kaɗai ba. Zargin da ba a furta ba ya fi ciwo, ga shi ba ni da abin da zan kare kaina da shi.

Ana cikin haka, ranar wata Asabar da hantsi, baƙon nan ya tsaya da babur. Surukina na zaune a zaure, maigidana na gefensa. Ina tsakar gida na ji an ambaci sunana. Na lallaɓa bayan ƙofar zaure na tsaya.

Bayan doguwar gaisuwa, mutumin ya ce daga Kudan yake, yana kai kayan abinci shaguna a Abuja, mazarƙwaila yake so mai yawa. Maigidana ya tambaye shi, murya a ɗaure, wa ya kwatanta masa gidan.

"Ai Malam, ba wanda ya kwatanta. Wani mai shago ne ya nuna mini ledarku, na ga sunan shafi a jiki. Na shiga inda ake duba mai shafi, sai ga komai."

Ya miƙa masa wayar. Can maigidana ya karanto sunana, lambata, unguwarmu, a hankali kamar mai karanta sakamakon asibiti.

"Kowa zai iya ganin wannan?"

"Kowa, Malam. Sai dai in an sa a ɓoye."

Da baƙon ya fita duba babur ɗinsa, maigidana ya ce wa mahaifinsa gara a rufe shafin kowa ya huta. Tsohon ya yi gyaran murya, ya sa aka kira ni. Na shigo na durƙusa.

"Ke 'yar nan, ana iya ɓoyewa kamar yadda ya faɗa?"

Na ce, "Baba, sai na tambayi ƙanwata."

"To kira ta. Matan da ke aiki da ke, da raken da na shuka saboda ke, ba za a watsar da su kan abin da yake da gyara ba."

A gabansu na kira ta. Ta yi salati, ta ce akwai wani ɗan gurbi da ake taɓawa lokacin rajista, kamfanin rajistar ya sa bayanansa a madadin na mai shafi, mu kuma hankalinmu ya tafi kan gardama muka tsallake shi. Kafin azahar ta gyara. Maigidana ya karɓi wayar baƙon ya sake dubawa da kansa. Sunana ya ɓace, sai na kamfanin rajista, da hanyar aiko saƙo ba tare da an ga ko ni wace ce ba.

Da yamma maigidana ya shigo ɗaki ya zauna, ya ce in yafe masa. Kiran bai yanke nan take ba, don wasu sun riga sun kwafi lambar, amma ya yi ta raguwa har ya ƙare. Mutumin Kudan kuwa har yau shi ne babban mai sayen kayana, maigidana ne ma ke raka kayan tasha.

Abin da na koya shi ne, mace na iya kai sana'arta gaban duniya ba tare da ta kai gidanta ba, in ta san inda za ta rufe. Kuma in abu ya rikice tsakaninka da naka, a fara neman ta inda ya ɓullo kafin a nemi mai laifi.