Tutoci a Gonar Aro

Aikina ajiyar takardu ne a biron perfe, wato ofishin shugaban gunduma, na Magariya, kuma aikin ne ya ɗora ni kan hanyar Dungas a wani rani, bayan an gama girbi an saki gonaki ga dabbobi. Motar hayar da na shiga ta mutu a wani ƙaramin gari da ke tsakani. Direba ya hau babur neman kayan gyara, ya bar mu da alkawarin la'asar.

A rumfar mai shayi na ga wani dattijo ya jingine tsohuwar jaka, da sandunan wasan golf a cikinta. Na taɓa buga wasan a Yamai lokacin da aka tura ni ƙaro ilimi, saboda haka idona ya daɗe a kansu.

"Mushe, ka iya ne, ko kallo kake?" in ji dattijon, yana kirana yadda ake kiran ma'aikata a wajenmu.

"Na ɗan taɓa, Baba."

"To ka fi rabin garin nan. Tashi mu je."

A hanya ya ba ni labarinsa. Da ƙuruciya ya yi ɗaukar jaka ga masu wasan a Kano, ya dawo gida da sandunan da aka bar masa. Filin wasansa gona ce: da damina hatsi da wake, da rani kuwa sai ya binne gwangwanayen tumatir a ƙasa, ya daddaɓe rairayin da ke kewaye da su. Abokan wasansa malaman lakkol ne, wato makarantar boko, da majo, babban malamin asibitin garin, abin da suke ba shi kuma bai wuce na fura ba. Gonar ba tasa ba ce. Wani amininsa ne ya ba shi aro tun da daɗewa, aminin ya rasu, 'ya'yansa suka bar aron yadda yake. Ita ce cin iyalinsa, ba shi da wata.

Abokansa sun san inda kowane rami yake, ni kuwa baƙo ne. Don ya girmama ni, sai ya karyo karan hatsi, ya yayyaga wani jan ƙyalle, ya kakkafa tuta a bakin kowane rami. Ya ce haka ake yi a Kano.

Ban taɓa wasa mai daɗin wannan ba. Ƙwallo na faɗawa cikin tushiyar hatsi, ko ta maƙale a sawun shanu, dattijon na dariya yana cewa a buga ta inda Allah ya ajiye ta. Ni kuma, da kwat a jikina da jakar takardu a hammata, domin ban yarda in bar ta a mota ba, ina takawa daga rami zuwa rami ina auna nisa da ƙafa. Mata masu dawowa daga rijiya suka tsaya suka dube mu, suka wuce da sauri.

Muna ƙarƙashin wani gawo sai ga babban ɗan marigayin mai gonar, magidanci mai furfura kaɗan a gemu, ya taho har yana haki. Ya durƙusa ya gaida dattijon yadda ya kamata, sannan ya miƙe.

"Baba, mahaifina ya ba ka ka noma. Bai ba ka ka kafa ba."

"Me na kafa, ɗana?"

"Ga jajayen tutoci, ga ma'aikaci yana awo. Wa aka sayar wa? In haka ne, bana gonar ta dawo gida."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa ni ba mai awon fili ba ne, kuma ban taɓa sa hannu a kan zalunci ba tun da na kama aiki. Na ce in yana so, yanzu in rubuta shaida cewa babu ciniki a nan.

Ya ja da baya. "Takarda kuma, Mushe? Ai da ita ake farawa."

Na sha ganin yadda ake yi wa gonakin bakin gari: tutoci su fara bayyana, masu kwat su biyo baya, sannan magada su ji labari a kasuwa. Fushina ya bar shi ya koma kan waɗanda suka mayar da jan ƙyalle abin tsoro ga manomi. A al'adar aro kuwa yana da gaskiya: ba a dasa itace, ba a haƙa rijiya, ba a kafa komai da zai ce gobe wurin na wani ne.

Dattijon bai yi gardama ba. Ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya ya tuge karan, ya kawo ya zube a gaban magidancin, ya tono gwangwani guda ya nuna masa. Sannan ya ce, "Saura rami ɗaya, baƙona kuma bai san inda yake ba. Ba zan kafa komai a ƙasar ubanka ba. Kai da ke da ita, je ka tsaya masa a bakin ramin, a madadin tuta."

Magidancin ya juya gwangwanin a hannunsa. Sai ya taka har inda dattijon ya nuna masa ya tsaya, ya harɗe hannu a baya.

"In ƙwallon ta same ni, Baba, maganata ta ɗazu tana nan!"

"Ka ji, Mushe," in ji dattijon a hankali. "Tuwon gidana yana hannunka."

Na daidaita sandar na buga. Ƙwallon ta tashi ƙasa-ƙasa, ta daki kunya, ta gangara ta tsaya nesa da ƙafarsa. Ya dube ta, ya dube ni.

"Wannan ne ma'aikacin da aka ce zai cinye mana gona? Ko ramin bai iya samu ba." Ya juya wajen dattijon. "Baba, in ruwa ya sauka ka yi shukarka. Gwangwani dai a riƙa tonewa kafin damina."