Tabawa a Cikin Rumbu

Kakata Saratu ta shekara bakwai ba ta taka ƙasa ba. Ƙafafunta sun shanye, duniyarta ba ta wuce ɗaki da bakin murhu ba. Gidanmu na gefen Bagwai, cikin 'yan gidajen Kirista da gonaki suka matse har jikin danga. Ran Lahadi mukan tafi coci mu bar ta da kaji. Abin yana ƙona mini rai, ita kuwa ko a jikinta.

Da an gama cin tuwo, Baba kan ɗauko ta ya ajiye kusa da wuta, mu zuba kara mu matso. Ni take fara tsokana: "Maigida, yau ma ba cefane? To zauna, tatsuniya kyauta ce."

Wadda ta fi yi mana ita ce ta Tabawa. Wai a shekarar yunwa Tabawa ta ɗaura igiya ta sauka cikin rumbu don ta sharo 'yar tsabar da ta rage. Rumbun ƙasa kuwa ta sama ake shigarsa, in hatsi ya ƙare ba shi da maraba da rijiya. Tana dira igiya ta tsinke, ga mutanen gida duk sun tafi ci-rani. Ta yi kira har murya ta dushe, ta kankari bango har farce ya fashe. Da ta gaji ta zauna, ta ɗaga kai, sai ga sama 'yar kamar faifai. Ta ce, "Ashe Yesu ka san inda nake." Sai ta kama waƙar yabo tana tafi.

Nan Kaka take tsayawa, ita ma ta kama waƙar.

Wata rana na fusata. "Kaka, wa ya fito da ita?"

"Oho."

"To wannan ai ba tatsuniya ba ce! Mutum yana rami yana waƙa?"

Ta yi dariya har da tari. "Kai igiya kake nema, maigida. Ita kuwa Mai sama ne ya sauko ya zauna da ita."

Ban gamsu ba, na ɗauka tsufa ne ya ci ƙarshen labarin.

Bara waccan na faɗo daga kan motar buhuna a Dawanau, ƙashin bayana ya taɓu. Tun lokacin nake kwance a Bici, matata Rifkatu ke juya ni. Na roƙi igiya har na gaji, na yi fushi da Allah, ban ma ɓoye masa ba. Lahadin da ta wuce kowa ya tafi coci, aka bar ni da kaji da 'yar taga ɗaya. Ina kallon sama ta cikinta, kawai na ji bakina yana waƙar Kaka. Hawaye na zuba, ƙafa ba ta motsa ba, amma raina fari ƙal.

Ashe tsohuwar ba mantuwa ta yi ba. Daga cikin rumbun take ba mu labarin.