Tagullar Lurwanu da ranar Jarwal

Ranar da na fara zuwa rumfar Baba Lurwanu a unguwar Jarwal ta birnin Makka, na ga faranti yana sheƙi a ƙasa, na ce bari in kau masa da shi daga hanya. Ashe rana ta gasa shi, ya ƙone min yatsu. Kwana uku da cokali nake cin abinci, kamar Bature.

Lurwanu samkari ne, mai ƙera gwangwanin da alhazai ke ɗura Zamzam su kai gida. Da ƙafa ya taso daga Kazaure, ya shekara bakwai a hanyar Sudan, a nan ya binne matarsa Baraka. Abin da ya dame shi a sana'ar shi ne tsatsa: kafin alhaji ya isa garinsu, ruwan ya yi ja. Shekara goma sha ɗaya yana gwaji. In ya shafa ƙaro ya kai wuta, ya ƙone. In ya bari a inuwa, ya ɓare. Daga ƙarshe ya goge farantan tagulla huɗu, ya kewaye gwangwanin da su, rana ta gasa shafen daga hantsi zuwa azahar. Ya kama ƙam. Alhazai suka riƙa tambayar “na Lurwanu”.

Maƙwabcinsa Rabe ya leƙo ta soro, bayan mako guda shi ma ya jera faranti. Lurwanu ya kai ƙara gaban shehun samkarai, yana neman abu ɗaya: duk mai yin aikin ya ambaci sunansa, don ba shi da ɗan da zai gaje shi.

“Ya Shaikh,” in ji Rabe, “ranar ta ubansa ce? Kowace tsohuwa tana shanya kuɓewa!”

Shehun ya jujjuya farantin da Lurwanu ya kawo, ya ce da Larabci, “Wadih.” Wato abu ne a fili, kowa na iya gane shi. Lurwanu ya naɗe tagullarsa a mayafi ya fito. Kafin hajji biyu sunan ya ɓace a kasuwa.

Da ya tsufa, bakina da ba ya zama ya ce masa, “Baba, tsakani da Allah, ai ko ni da na gano wannan.”

Bai ko ɗago kai ba.

“Tun kana zanen goyo ranar nan ke dukan ƙeyarka. Me ta dafa maka banda gumi?”