Sufeto a Bencina

Abin da nake da shi a rumfar dillalan babura ta Dutse ba shi da wuyar lissafi. Benci ɗaya na katako, rabin inuwar darbejiya, shekara goma sha tara ina zama a wurin, sai mutum kamar arba'in daga ƙauyukan Kiyawa da Jahun har zuwa Garki, waɗanda ba sa saye ko sayar da babur sai ta hannuna. Ban gaji shago ba, ban gaji jari ba. Yardar mutanen nan ita ce jarina, kuma ita na sa a haɗari da hannuna.

Sana'armu tana da ƙa'ida biyu da ba a rubuta ba. Ta farko, abin da ya faru a rumfa, a rumfa ake kashe shi. In aka gane babur na sata ne, Sarkin Dillalai ne zai nemo mai shi a mayar masa, a kori wanda ya kawo, ba a zuwa caji ofis. Ta biyu, duk wanda ka tashi ka ba bencinka ya zauna, ya sha ruwanka, ya zama baƙonka. Ba mai ɗaga masa murya, amma duk abin da ya biyo bayansa kai za a tambaya.

Babban ɗana yana ajin ƙarshe na sakandare aka fara turo wani Sufeton 'yan sanda makarantarsu. Aikinsa ke nan, zagayen makarantu. Yana yi wa ɗalibai magana kan ƙwaya da daba da sayen wayar sata, da la'asar kuma ya tara su a wani fili a Limawa su buga ƙwallo. Ban ga laifin abin ba. Yaron ya daina zaman bakin titi, ya fara aski ba sai an ce masa ba. Daga bakin uwarsa na ji cewa yana son shiga aikin ɗan sanda, don ɗan fari ne, ni da shi ba ma doguwar magana. Gaisuwa ce, sai aike.

Wata Laraba wajen azahar sai ga Sufeton a rumfa, cikin kaki, a kan wani tsohon babur mai tsiyayar baƙin mai. Dogo ne, da furfura a gefen kai. Ya yi sallama ya tambayi mahaifin wane. Kafin in yi tunani na riga na miƙe, na kakkaɓe benci na ce, "Bismillah, Yallaɓai." Har kunun aya na saya masa. Tun bai gama zama ba na san na yi kuskure. Da na ja shi gefe mun yi magana a tsaye, da shi ke nan.

"Alhaji, ɗanka yana da kai," in ji shi da ƙarfi, kowa yana ji. "Kai ka koya masa gane lambar injin da aka goge? Ya nuna mana a aji, ɗalibai suka yi ta tafi."

Duk idon rumfa ya dawo kaina. Na ce, "Yara ne, Yallaɓai, abin da suka gani suke ɗauka."

Dillalin da ke kusa da ni, wani mai tsokana, ya ce, "Yallaɓai, wannan babur ɗin naka fa? A fito da takardunsa mu gani."

"Takardunsa sun fi shi lafiya," in ji Sufeto. "In akwai mai tausayi a cikinku ya saye shi in huta."

Aka yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Daga nan ya mai da wurin hanya. Duk Laraba in ya taso daga makaranta sai ya tsaya, ya yi rabin awa. Bai taɓa duba lambar kowa ba. Maganarsa ɗaya ce, a samo wa ɗalibansa wurin koyon kanikanci, kada su gama makaranta su koma zaman banza. Da da mugunta ya zo, da na sami hujjar sallamarsa. Mutumin kirki ne, kuma wannan ne ya ɗaure ni.

Su kuwa mutanen ƙauye ba kirkinsa suke gani ba, kaki suke gani. Ina zaune mutumina zai taho daga hanyar Kiyawa, ya rage gudu, ya hango hular, ya ƙara wuta ya wuce kamar mai kai mara lafiya asibiti. Ba ɓarayi ba ne. Yawancinsu gara ce ta cinye rasit, ko a hannun ɗan'uwa suka saya da shaidu biyu da fatiha. Ni na san tarihin kowane babur, wanda ya fara sayensa da wanda ya faɗa rafi da shi. Amma tarihin da ke kaina ba ya hana a riƙe babur a shingen 'yan sanda.

Haka kuwa aka yi. Wani manomin riɗi daga wajen Garki ya sayi babur ta hannuna, bayan kwana biyu aka tare shi a hanya, babur ya yi mako a tsare sai da mutumin ya kawo mai unguwarsu. Ba ruwan Sufeto, ba ruwana. Amma a rumfa an riga an yanke hukunci. Bayan sallar la'asar Sarkin Dillalai ya kira ni bayan masallaci.

"Alhaji, baƙonka ya daɗe."

"Ranka ya daɗe, ban gayyace shi ba."

"Ka tashi ka ba shi wuri, ko ba ka tashi ba?"

"Na tashi."

"To. Ni ba zan kore shi ba, ba nawa ba ne. Kai ma ban ce ka kore shi ba. Amma an fara cewa rumfar nan ta yi kunne, kuma an san bencin da kunnen yake zama."

Na juya maganar ta kowace fuska, irin yadda nake juya ciniki, ban ga inda zan fita ba. In na hana shi zuwa, na wulaƙanta mutumin da ya riƙe hannun ɗana. In na yi shiru, mutanena za su ƙare ɗaya bayan ɗaya. Sai na yi dabara, Laraba ta zo na ƙirƙiri tafiya Kafin Hausa duba wani babur. Da na dawo aka ce ya zo, ya zauna a bencina awa guda yana jirana, ba wanda ya iya cewa ya tashi. Abin ya fi muni, don yanzu ko ba na nan yana nan.

A makon da ya biyo baya na same shi a filin Limawa. Ɗana ne yake riƙe da usur yana alƙalancin wasa, da ya hango ni ya kau da kai, ni ma na kau. Na gaya wa Sufeto komai a tsaye, ban yi kwana-kwana ba. Na ce kakinsa yana kashe mini kasuwa.

Ya ce, "Me ya sa ba ka faɗa tun farko ba, Alhaji?"

"Baƙo ne kai."

"Ni kuma na ɗauka zumunci nake yi." Ya cire hula ya shafa kai. "A ofis malamin makaranta suke kirana, wai ba ɗan sanda ba ne ni. A gari kuma ba a ganin komai sai ɗan sandan. Shi ke nan, ba zan ƙara zuwa ba. Amma ga wannan."

Takardar neman aikin ɗana ce, an cike komai, saura sa hannun uba. Mako biyu tana aljihun Sufeto, yaron ya kasa kawo mini da kansa. Na tsaya da biro a hannu. Na san abin da sa hannun yake nufi: na sallami baƙo na rabin awa, zan ɗauko wanda ba ya tafiya. Na kuma san in na ƙi, bakin titi yana nan yana jiransa. Na ɗora takardar a tankin babur ɗin Sufeto na sa hannu.

Sufeto ya cika alkawari, bai ƙara tsayawa ba. In ya zo wucewa sai ya danna hon sau ɗaya, ba ya ko juyowa. Amma yaron ya tafi horo ya dawo, sunana a rumfa ya koma Baban Ɗan Sanda. Da wasa ake faɗa, da gaske ake nufi. In na doso ana magana sai a koma zancen damina. A caji ofis kuma, in babur ya ɓata a gari ni ake fara aiko wa, wai ai namu ne, ya san komai. In na ce ban sani ba su ce ina rufa wa ɓarayi asiri, in na je kuwa rumfa ta ga na je.

Barin sana'ar ba zai yiwu ba, ba ni da wata, kuma shekaru sun ja. Yanzu cinikina da malaman makaranta ne da ma'aikatan sakatariya, masu takardu cikakku da yawan neman ragi. Mutanen ƙauye da suka rage mini ba su cika hannu biyu ba, su ma a gida suke samuna da sassafe, ta bayan layi. Ɗana shi ne yake zagayen makarantu a Kafin Hausa, an ce ɗalibai suna son sa. In ya zo Dutse yakan tuɓe kakin a gidan abokinsa kafin ya iso unguwa. Ban ce ya yi ba, ban kuma ce ya daina ba.

In aka haɗa duka, na samu ɗa mai aikin yi, na rasa kasuwar da na gina, na kuma rasa mutumin kirki ɗaya a banza, don korarsa ba ta dawo mini da ko mutum guda ba.