Tsagar Inna a Hasken Taga

Shagona yana Bwari, ba nisa da makarantar horar da lauyoyi, kuma sana'ata ɗaukar hoto. Na ɗauki amare, na ɗauki masu neman fasfo, na ɗauki ɗaliban lauya cikin baƙar riga da farar hular nan mai kama da gashin tunkiya, suna zufa suna murmushi. A wannan sana'a ƙa'idarmu biyu ce, da su ake yaye kowa: mutum ya kalli kyamara ido cikin ido, in an ɗauka kuma a shiga kwamfuta a goge masa fuska. Ƙuraje, tabo, tamoji, duk a share, a ƙara haske. Mutum ya zo da fuskar da Allah ya ba shi, ya koma gida da ta wani ɗan'uwansa da ya fi shi hutu. In ma an kawo ƙorafi, to cewa za a yi hasken bai isa ba.

Mutum ɗaya ce ta gagare ni, mahaifiyata. Ni ne ɗanta na fari, Inna kuwa irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunana, ba ta zaman hira da ni, ba ta kallon idona. In tana da magana sai ta faɗa wa bango ko ta faɗa wa matata, ni kuma in tsinta. To, irin wannan ce za ka ce ta kalli kyamarar da ke hannunka? Duk Sallar da na je gida sai na gwada, ita kuma ta sunkuyar da kai tana nazarin tabarma. Ga tsagar Gobirawa a kumatunta, daga gefen baki har kusa da kunne, wadda manhajar gyaran fuska take ɗauka tabo ne ta shafe rabinta. Hoton ƙarshe da na kai mata, ta jujjuya shi ta miƙa wa ƙanwata ta ce, "'Yar gidan wa ce wannan? Allah ya ba ta miji nagari." Daga ranar ta ce ta gama zaman hoto.

Wata damina aka kawo ta Abuja ganin likitan ido, ta sauka a gidana. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama saura kaɗan, magani zai iya ja masa lokaci amma ba zai dawo da abin da ya wuce ba. Inna ta saurara, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta kuma shaida wa matata cewa ita kafin a fara yankan gero tana gida. Ni dai na fito daga asibitin ina lissafi. Na ɗauki fuskokin mutanen da ban san adadinsu ba, amma ba ni da hoto ko ɗaya da zan nuna wa jikoki in ce ga kakarku. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ina so ta gani da idonta ta yarda ita ce, idon kuwa ba jirana yake ba.

Cikin wannan hali wata ɗalibar lauya, 'yar Filato, ta zo karɓar hotonta. Ta duba ta ɓata fuska.

"Oga, wannan ba ni ba ne fa. Ina tabon goshina? Ina ƙarami na faɗi a keke, har yau mamana da shi yake tsokanata."

Na ce, "Ai haka ake so."

"Wa yake so?"

Ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba. Ta zauna a kan benci ta ce ita ma tana taɓa ɗaukar hoto don nishaɗi, kuma akwai shafukan intanet da masu wannan sana'a na duniya suke baje aikinsu, akwai kuma waɗanda ake koyarwa kyauta. Ta tura mini su a waya. Da za ta fita ta ce, "Ka duba, oga, amma ka sayi data mai yawa, don ba za ka fito da wuri ba." Na ce a raina, yarinyar da ko gashin tunkiyar ba a gama ɗora mata ba ita ce za ta koya mini hoto.

Washegari da azahar aka tsuge da ruwa, ba mai shigowa, sai na buɗe shafin farko don kashe lokaci. Ashe ni kifin rijiya ne.

Kowane mai hoto da nasa zauren, ka shiga ka yi ta zagaye ba mai korarka. Wani ba abin da yake ɗauka sai sararin sama. Na ga taurari a kan wata hamada, sun yi cincirindo har ba wurin sa allura, na tuna duk wannan yana bisa kaina kullum, fitilun Abuja ne suka rufe mini. Wani ya ɗauki tururuwa ɗauke da ɗigon ruwa, a cikin ɗigon kuma ga ganye da gajimare a kife. Na yi ta faɗin subhanallahi ni kaɗai a shago. Wata mata ta bi masunta a ƙasar da teku ke daskarewa, har ƙanƙarar da ke gemunsu ana iya ƙirgawa. La'asar ta yi ban sani ba, sai da maƙwabcina mai shayi ya leƙo ya ce ko lafiya.

Wanda ya fi girgiza ni na kusa da gida ne. Wani ɗan ƙasar nan ya je ƙauyukan Kwali ya ɗauki mata masu ginin tukwane. Hanyar nan na sha bin ta zuwa biki, ban taɓa rage gudun babur ba. Ga hannun wata tsohuwa cikin yumɓu, kowace jijiya a tashe, ga zufa a wuyanta, ga hayaƙin gashin tukwane a bayanta. Ba a goge mata komai ba, kuma ban taɓa ganin fuska mai kwarjini irin tata ba. Sai na koma baya ina sake duba sauran zaurukan, na lura da abin da ya wuce ni da farko: yawancin mutanen nan ba kyamara suke kallo ba. Wani yana kallon aikinsa, wata tana kallon hanya, wani ma ƙeya ya bayar. Irin hotunan da nake sharewa tun a wurin biki in ce sun lalace, su ne wasu suka rataye duniya tana kallo.

Na shiga shafukan koyarwa. Wani dattijon Bature mai saurin magana, sai na tsayar na maimaita kafin in kama, ya ce a kashe fitilar kyamara, a zaunar da mutum kusa da taga, haske ya zo masa ta gefe. Hasken gaba yana shafe fuska, na gefe shi ke fito da abin da ke cikinta. Saura kuma haƙuri. Na gwada a kan mai shayi, na gwada a kan duwatsun Bwari bayan ruwa ya ɗauke, na gwada a kan matata har ta ce in na ƙara saita ta tana tuƙa tuwo za ta ba ni muciyar in ƙarasa.

Matata na aika wajen Inna. Na ce ta gaya mata ba sai ta canza kaya ba, ba sai ta kalle ni ba. Ina daga tsakar gida ina jin amsar.

"Hoton da ba kwalliya ba kallo, ai sai na akuya," in ji Inna. Ta yi 'yar dariya. "Ya yi abin da zai yi. Ni dai wakena nake tsinta."

Da hantsi na yi sallama na shiga. Tana zaune a kan tabarma kusa da taga, faifai a cinya, tana tsintar wake da lalube fiye da gani. Jin shigowata sai ta yi abin da ta saba yi tun ina yaro: ta kau da kai daga gare ni. Wannan karon wajen taga ta juya. Haske ya kwanta a kuncinta, tsagar nan ta fito layi bayan layi, kowanne da siririyar inuwarsa, har inda tsufa ya lanƙwasa su. Na tsaya riƙe da kyamara na kasa dannawa. Shekara da shekaru ina faɗa da wannan kau da kai, ashe shi ne zaman hoton da ya dace da ita. Na ji kamar yau na fara ganin matar da ta haife ni. Sai da ta ce wa taga, "Ko kyamarar ma kunya take ji?" sannan na danna.

Ban taɓa shi da komai ba. Na kai cikin gari aka wanke mini shi babba, baƙi da fari, na ce kada a sa gilashi don kada ƙyalli ya hana ta gani. Mai wankin ya tambaye ni ko zan bari ya ɗan gyara wa Hajiya kumatu, na ce ya rufa mini asiri.

Ana jibi za ta tafi matata ta miƙa mata, ni ina tsaye a bakin ƙofa. Inna ta ja jiki zuwa inda rana take, ta kawo hoton dab da idonta na dama, tana bin sa a hankali daga goshi zuwa haɓa, don a lokacin ba ta iya ganin abu gaba ɗaya sai gutsure-gutsure. Ta daɗe. Ta sa yatsa ta bi tsagar da ke takarda, sannan ta shafa tata. Ina jira ta ce ita ce.

Ta ce, "Wannan ai Innata ce."

Matata ta ce, "Ke ce fa, Inna."

"Na sani. Amma ita ce. Haka take zama in tana tsintar wake." Kakar nan tamu ta rasu tun Inna tana budurwa, a zamanin da mai hoto bai san hanyar ƙauyenmu ba. Ta ce ta yi shekaru tana neman fuskar a ranta ba ta samu, har ta haƙura. Ta goge ido da bakin mayafi ta ce wa matata, "Ki gaya wa mai gidanki Allah ya yi albarka."

Ta tafi da hoton a cikin akwatinta, tsakanin zannuwa. Kafin wata damina idon daman ya bi ɗan'uwansa. Ƙanwata ta ce yana rataye a ɗakinta daidai inda hannunta zai kai, kuma duk wanda ya zo yi mata jaje sai ta hana shi. Takan ce ita ba abar tausayi ba ce, don kafin a rufe mata ido sai da aka nuna mata uwarta.