Sabon Fistin da Reshen Mangwaro

Masu yankan katako suna kiran mijina Likita. Ni ma haka nake kiransa in raina ya ɓaci, wato kusan kullum. Bai taɓa yi wa ɗan Adam allura ba. Injin yankan itace yake gyarawa, irin mai sarƙar nan da in aka tayar da shi sai uwa ta daina jin kukan ɗanta. Da gyaran babur ya fara yana saurayi. Wata rana wani ya kawo masa irin wannan inji a buhu, ya buɗe, ya leƙa, tun daga ranar hankalinsa bai dawo gida ba. A haka na aure shi, ido buɗe, ba zan ɗora wa kowa ba.

Shagonsa rumfar kwano ce jingine da bangon gidanmu. Akwai benci, akwai tocila, akwai farantin silba da aka ba ni lokacin aure, wanda yanzu a cikinsa ake wanke ƙarafa da fetur. Buroshin haƙorin duk wanda ya yi sakaci a gidan nan, can zai same shi.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, ya iya aikinsa. In aka kawo inji ba ya tambayar mai shi komai, ya ce duk maƙaryata ne. Sai ya kama igiyar tayarwa ya ɗaga injin da ita. In injin ya tsaya yana sauka da ƙyar, da sauran numfashi. In ya zame ƙasa sululu, sai ya girgiza kai kamar an yi masa rasuwa. Daga nan ya kwance salansa, wato tukunyar hayaƙin injin, ya haska tocila ta ramin hayaƙi, ya leƙi fistin, ɗan ƙarfen nan mai kama da kofin shayi da ke hawa da sauka a cikin inji. Zane a gefen hayaƙi, an yi wa fetur rowar man haɗi. Zane a gefen iska, ƙura ce ta shiga. Sannan ya sa farcen babban yatsa, wanda ya hana a yanke shekara da shekaru, ya ja a jikin ƙarfen. In farce ya wuce sumul, injin zai tashi. In ya maƙale, sai a yi haƙuri.

Mutumin da ke ganin zane siririn gashi a cikin rami mai duhu, shi ne na yi sati ina ɗingishi a gabansa bai lura ba.

Yana da inji nasa na kansa, in ana iya kiran abin da bai taɓa yanke ko tsinke ba inji. Daga gawar injinan mutane ya haɗa shi. Duk lokacin da ya kusa kammalawa sai wani ya zo da idanu jawur, aiki ya tsaya, yara ba su ci ba. Likita ya shiga ciki, ya zare fistin ɗin namu ya sa masa. Unguwa tana sa masa albarka. Ni ina kallon mangwaro.

Tsohon mangwaro ne a bayan gida, gara ta cinye cikinsa. Babban reshensa ya miƙo daidai kan ɗakin da nake kwana ni da autarmu, kuma ya tsage daga gindi. In iska ta kaɗa, sai ya yi wani nishi irin na tsohuwa za ta tashi daga tabarma. Damina tana ƙaratowa. Na yi magana da daɗi, na yi da faɗa, na yi ta bakin yayarsa. Amsa ɗaya ce: "Bari injinmu ya tashi."

A bana dai Allah ya taimake ni, ya sayo sabon fistin a kwali, ya rantse ba na kowa ba ne. A tabarmata ya yi haɗin, wai ƙasan shago da yashi. Ya shafa mai da yatsa, ya zura zoben fistin yana riƙe numfashi, ya duba ƴar kibiyar da ke kansa ya tabbatar tana kallon ramin hayaƙi, ya sake dubawa. Ban taɓa ganin ya ɗauki ɗaya daga cikin ƴaƴansa da irin wannan lallashi ba. Ya ja igiya, inji ya tashi. Har na fara kwashe shanya daga ƙarƙashin bishiya.

"Ina za ki da kaya?" ya ce.

"Ba reshe za a sare ba?"

"Da sabon fistin? Maman yara, zoben bai zauna ba. Sai ya sha tanki bayan tanki a ƙananan itace tukuna. Wanda ya tashi daga jinya ba a ɗora masa buhu."

"To mu da reshe zai faɗo wa, wa zai yi jinyarmu?"

"Reshen nan ya daɗe a haka."

Haka aka shiga jinyar inji. Kullum da hantsi ya fito da shi, ya yanka ƴan itatuwan da ba su kai kaurin hannuna ba, ya kashe, ya taɓa jikinsa da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓi, ya lulluɓe shi da tawul ɗina.

Ana cikin haka wani mai yankan katako ya zo, wanda ake ce wa Gaggawa, kuma ba a yi masa ƙarya ba. Likita ya leƙa injinsa ya ja tsaki.

"Baƙin man mota kake haɗawa da fetur."

"Wallahi Likita..."

"Bar rantsuwa, ga shi nan a rubuce. Fistin ɗin nan ya gama. Ka ajiye shi."

"Ai jiya ma na yi aiki da shi."

Ina bakin ƙofa ina ji. Na dubi gabas, hadari ya fara haɗuwa. Na ce, "Gaggawa, tunda naka ba ya jinya, zo ka sare min reshe."

Likita bai ɗago kai ba. "Da ƙyar zai wuce rabin reshen," ya ce.

"Rabin ma ya fi abin da na samu a gidan nan."

Gaggawa ya hau, ya ɗaure reshen da igiya, maƙwabta suka kama ɗaya bakin don su janye shi daga rufi. Inji ya yi ta ihu, garin itace yana zuba a tsakar gida. Ya wuce rabi kaɗan, har na juyo zan yi wa Likita kallon da na tanada, sai ƙarar ta canja, ta yi siriri, ta ɗauke ɗif. Reshen ya yi ƙara, ya sunkuyo, ya matse sarƙar a cikin yankan. Ganyensa ya kwanta a kan kwanon ɗakina. Gaggawa ya ja igiyar tayarwa, ko motsi. Injin ya cije.

"Mama," ya kira daga sama, "an samu ƴar matsala."

"Na gani, ɗan albarka. Ina da ido."

Iska ta fara tasowa. Masu riƙe igiya suna cewa hannunsu ya gaji. Auta ta ruga ɗaki za ta ɗauko littattafan makarantarta, na fizgo ta. Likita yana tsaye, hannu a baya, yana shinshina iska.

"Kin ji ƙaurin nan? Fistin ne ya narke a jikin silinda, gidan da yake hawa da sauka. Na faɗa."

"Ka faɗa. Allah ya ƙara ilimi. In rufin ya rufta sai ka zo da tocila ka gaya mana ta wane gefe ya fara."

Ya dubi reshen, ya dubi ɗakin, ya dubi yarinyar da ke riƙe da zanina. Sannan ya shiga shago. Ya daɗe, har na ɗauka benci ya samu ya zauna. Sai ga shi da injinmu, tawul ɗin a kafaɗarsa. Ya girgiza galan ɗin fetur sosai, ya cika tanki, ya tayar da shi da kansa ya bar shi ya ɗumama, ya kashe, ya ɗaura masa igiya don Gaggawa ya ja shi sama.

"Gaggawa, ka yanka ta bayan naka. Kada ka danne shi. Ka bar shi ya ci da kansa, ka riƙa ba shi hutu."

"An gama, Likita."

Gaggawa ya karɓa ya danne shi har ƙarshe, bai ɗaga yatsa ba ko sau ɗaya. Na kalli mijina. Duk ihun da injin ya yi, a fuskarsa yake fita. Amma bai ce a tsaya ba. Reshen ya rabu, maƙwabta suka ja, ya faɗo tsakar gida ya murƙushe durom ɗin ruwa da igiyar shanya. Ɗakina yana tsaye. Mataccen injin Gaggawa yana lilo a jikin igiyar da ya ɗaure shi da ita a sama.

Mutane suna ta barka, shi ya karɓi kayansa ya koma rumfa. Ruwa ya sauko yana dukan kwano. Da injin ya huce ya kwance salansa, ya haska, ya daɗe yana kallo.

"Maman yara, zo ki gani."

Na leƙa. Wani ɗan zane ne siriri a jikin sabon ƙarfe, in ba an nuna maka ba ba za ka gani ba. Ya kama yatsana ya zura ta ramin, ya ja farcena a kai. Ya ɗan maƙale.

"Zai tashi?" na ce.

"Zai yi aiki. Ba dai yadda na so ba."

Ya mayar da tocila aljihu. Ban san me ake cewa ba, don ba a saba yi wa ƙarfe ta'aziyya a gidanmu ba. Na kawo masa shayi, na bar masa tawul ɗin.

Washegari Gaggawa ya dawo da idanu jawur, aiki ya tsaya, yara ba su ci ba. Likita ya ce ai fistin mai zane ya dace da mutum irinsa, ya zare ya sa masa. Injinmu ya koma kan benci, cikinsa fayau.

Mangwaron yana da sauran reshe guda, shi ma gara ta shige shi. Wannan kan rumfar shago ya miƙa, daidai saitin benci. Ban ce masa komai ba. Mutumin da ke ganin zane siririn gashi ai ba ya bukatar a nuna masa reshe.